Keken Malam Mai Cire Ƙafa

Shekarun baya, lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, maigidana yana koyarwa a wata makaranta a cikin garin Yola, mu kuma muna zaune a Limawa. Kullum da keke yake zuwa. Da wani Bature da suke koyarwa tare zai koma ƙasarsu, sai ya aiko masa da kekensa kyauta ranar tafiya, ba su ma haɗu ba.

Irin keken nan ba mu taɓa gani ba, siriri, mara nauyi. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙafar gaba ba noti ke riƙe ta ba, wani ɗan ƙarfe ne a gefe kamar cokalin shayi. Ka taɓa shi, ƙafar ta fito, ba sufana ba komai. Malam ya kai wa mai gyaran keke a Dubeli, mutumin ya juya shi ya juya, ya ce, "Malam, wannan ai noti mai kunne ne, Bature ya yanke kunne ɗaya don rowa. Murɗa shi kawai har ya tsaya." Haka Malam ya riƙa yi.

Da ma ana yawan satar keke a ƙofar masallaci, sai ya samu dabara. Ya cire ƙafar, ya shiga da ita, ya jingina kusa da takalmansa. Abokansa suna tsokanarsa, "Malam, ita ma ta yi alwala?" Shi kuma ya ce, "Ɓarawon da zai hau keke mai ƙafa ɗaya, na yafe masa duniya da lahira." Ni kuwa amarya ce, har leƙe nake ta zaure in ga an taru ana kallon keken mijina, kaina ya kumbura kamar ni na ƙera shi.

Wata safiya ina share zaure na lura ɗan ƙarfen yana tsaye a waje, yana lilo in an taɓa. Na ce, "Malam, wannan abin haka ya kamata ya zauna?" Ya yi dariya ya ce, "To, injiniya, kin gama da tukunya kin dawo kan keke?" Ya ƙara murɗa shi a gabana, ya girgiza ƙafar, ba ta motsa ba. Hankalina ya kwanta.

Ranar wata Asabar ya tafi Rumde gaisuwar rasuwa. A gangaren da ke sauka wajen kogi ya faɗa wani ɗan rami, gaban keken ya ɗaga, ƙafar ta fice ta yi gaba ita kaɗai. Waɗanda suka gani sun ce da ka ya sauka. A asibiti likita ya ce ƙashin baya ne, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai haƙuri. Yana da shekara talatin da 'yan kai, ni kuma ina da cikin fari.

Aka kawo mana keken gida. Ƙafar nan ko lanƙwasa ba ta yi ba. Mahaifiyarsa, da muke kira Dada, ta ce a fitar da shi, kayan da ake shiga da shi masallaci a ɓalle ba alheri a cikinsa. Malam ya ce a bar shi.

Bayan wasu watanni wani abokinsa da ya dawo daga kwas a Ingila ya zo dubiya. Ya ga keken a jingine, ya ce ai ya hau irinsa a can. Malam, da yake kiransa Hamma, wato yaya, ya ce, "Hamma, ɗaura ƙafar in gani." Mutumin ya saka ta, ya ɗan murɗa, sannan ya sa tafin hannu ya danna ƙarfen da ƙarfi har ya kwanta ya manne da jikin keken. Ya nuna mana shatin da ya fito a tafinsa, ya ce, "In bai bar maka wannan ba, bai kama ba. Ninke shi ake yi."

Malam ya daɗe yana kallon hannun nan. Sai ya ce, "Shi ke nan?" Abokin ya sunkuyar da kai. Malam ya juya fuska bango. Ni na fita madafa, na zauna gaban murhun da ba wuta.

Ya rayu shekaru masu yawa a kan gadon nan, ni nake juya shi, ni nake kai masa ruwan alwala. Bai taɓa zagin kowa ba, har mai gyaran keken da ya zo yana kuka, Malam ne ya ba shi haƙuri. Na san ƙaddara ce, ina kuma roƙon Allah Ya yafe mini in zuciyata ta yi gardama. Amma har yau ban iya haɗiye ƙanƙantar abin ba. Garin nan kaf ba wanda ya sani, kuma ba wanda ya san bai sani ba.

Yanzu irin keken ya cika Jimeta, gwanjo ne ko'ina. Jikokina sun san ba mai fita da keke sai ya nuna mini tafin hannunsa. Suna dariya, suna cewa Hajiya ta fara. Ina barinsu su yi dariyar. Malam ma ya yi.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa jinyar ta zama kaffara.