Keken Tsoho da Shugaban da Ya Hana Ruwan Sama

Shekarun baya ne, kuma sun ɗan ja, don haka ina neman afuwa tun yanzu idan na ajiye wani abu a inda ba nan yake ba. Abin da nake da tabbas a kai shi ne damina ce, kuma ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Aiki bai samu ba, sai ni da wani abokina ɗan Vom, wanda muka yi jami'a tare, muka buɗe lesin a wani ɗaki da ke saman shagon kawunsa, kusa da kasuwar Terminus a Jos. Shi yana koyar da lissafi, ni kuma adabin Turanci. Ɗakin rufin kwano ne, babu silin. Idan ruwan Jos ya sauko, musamman mai ƙanƙara, sai dai mu ajiye alli mu zauna muna kallon juna har ya tsagaita.

Littafin da aka sa wa 'yan jarrabawa a lokacin wani tsohon labari ne na zambo. Ba zan kama sunansa ba. A ciki akwai wani shugaban gari da ya kafa dokar hana ruwan sama sauka ranar kasuwa, ya kuma sa a kama duk wanda aka gani a jiƙe, tunda jiƙewarsa shaida ce ta cewa ya haɗa baki da hadari. Marubucin bai zage shi ko sau ɗaya ba. Yabonsa yake yi daga farko har ƙarshe, da manya-manyan kalmomi, har mai karatu ya riƙe ciki. Aikina shi ne in koya wa yara yadda za su rubuta sharhi, su nuna cewa yabon nan ba yabo ba ne.

Matsalar ita ce ni mutum ne mai tsoron yanke hukunci. Duk abin da zan rubuta a allo sai na fara da "wataƙila marubucin yana nufin", ko "mai yiwuwa a nan". Ba a jima ba yara suka raɗa mini Oga Wataƙila. Abokina yakan ce, "Kai ko sunanka aka tambaye ka, za ka ce bari ka duba tukuna."

A cikin ajin akwai wata yarinya daga unguwar Gangare, mai natsuwa, wadda ta fi kowa sanin littafin. Ta taɓa zana jarrabawar, ta ci komai sai adabi, kuma ba a ɗaukar mutum karatun lauya sai da shi. Mahaifinta ya ce wannan ne karo na ƙarshe. In ba ta ci ba, ta haƙura ta koma shagon ɗinkin gwaggonta. Ba ta raina ɗinki ba, amma lauya take son zama tun tana ƙarama, kuma duk ajin mun san haka.

Idan muna karanta littafin, ita ce ke rufe baki da mayafi tana dariya. Amma da zarar ta riƙe biro sai ta zama wata. Ta rubuta cewa shugaban dattijo ne mai son ci gaban garinsa, sai dai masu ba shi shawara ba su kyauta masa ba. Na kira ta bayan an tashi, na ce, "Ke, ba ki ga wautar mutumin nan ba?"

Ta ce, "Na gani, malam."

"To me ya hana ki rubutawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, babba ne fa. Har furfura gare shi. A gidanmu ba a cewa babba ya yi wauta."

Na ce ai ba mutumin gaske ba ne, a takarda kawai yake.

"Amma wanda zai duba takardar tawa babba ne na gaske. Zai ce ba ni da tarbiyya."

Ni ma haka aka rene ni. Abokina, da yake goge allo yana jinmu, ya jira ta fita sannan ya ce da Hausarsa ta mutanen Vom, "Oga, yarinyan nan ya fi ka tsoro. Kun haɗu."

Na gwada dabaru. Na rubuta mata sharhi na misali, ta kwashe duk wataƙilar da ke ciki ta zuba a nata, abin ya ƙara lalacewa. Yanzu shugaban ya zama dattijon da wataƙila, mai yiwuwa, an ɗan yi masa mummunar fahimta. Jarrabawa tana matsowa, ni kuma na fara ganin keken ɗinkin gwaggonta a idona.

Wata rana ta ce kakanta yana son ganina.  Na goge riga, na shirya bayani a kaina, na bi lungunan Gangare bayan la'asar ina tsallake ruwan da ya kwanta. Na iske tsohon a zaure, kan buzu. Ya yi aikin masinja a kamfanin kuza tun yana saurayi. A jikin bango an jingina wani tsohon keke, babu sarƙa, tayoyin sun sace, amma yana ƙyalli kamar yau aka saye shi. Daga baya na ji kullum da safe sai ya goge shi.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, amaryar tawa za ta ci kuwa? Faɗa mini gaskiya."

Na ce, "To, Baba, wataƙila, in Allah ya so..."

Ya ce, "Wataƙilar da ta hana Bature ƙarya ke nan. Na yi aiki da su, na san ta."

Sai ga ta ta shigo da shayi. Ta ajiye tire, ta dubi keken, ta dubi tsohon, sai na ji wata murya da ban taɓa ji a aji ba.

"Ango, yau ba a fita da jirgin ba ne? Malam, ka gaida keken nan da kyau. Tun da jirgin ƙasa ya ji labarin gudunsa ya ji kunya ya daina zuwa Jos."

Tsohon ya ce, "Ji 'yar nema. Da shi na kai kakarki asibiti cikin ruwa."

"Shi ya sa har yau take ciwon baya. Allah ya ja zamaninka, sarkin kekuna, mai tafiya ba sarƙa, mai isa Vom yana jingine."

Tsohon ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce shayin nata ma kamar ruwan wanke kofi. Ni kuwa na ajiye nawa kofin. Wasan jika da kaka na san shi tun ina yaro, ni ma na yi da tawa kakar, amma ban taɓa kawo shi kusa da littafin ba. Na ce mata, kuma ina jin wannan ce magana ta farko da na taɓa yi mata babu wataƙila, "Abin da kika yi wa keken nan yanzu shi ne abin da marubucin ya yi wa shugaban."

Ta ce, "Ai wannan kakana ne, malam. Shi ina da dama."

Tsohon ya tambaya wane shugaba ake magana. Ta ba shi labarin, da dokar ruwan, da kama jiƙaƙƙu. Ya saurara yana girgiza kai, sannan ya ce, "Wannan ai sakarai ne." Ta zaro ido. Ya ce, "To saurara. Na ba ki shi. Daga yau kakanki ne, tare muka yi kuza. Ki ja gemunsa yadda kike jan nawa. Sai dai ni ban taɓa kama kowa don ya jiƙe ba. Wannan ma ki faɗa, kada dariya ta sa ki manta."

Sharhin da ta kawo a makon da ya biyo baya har yanzu ina tuna farkonsa. Ta ce marubucin ya ɗinka wa shugaban babbar riga ne don kowa ya ga ƙanƙantar wanda ke cikinta. Ta kawo wuraren yabon ɗaya bayan ɗaya, ta nuna abin da ke faruwa da talakawa a daidai lokacin da ake yabon. Abokina ya karanta ya ce, "Wannan ba ɗalibinka ba ne. Babu wataƙila ko ɗaya."

Ta ci jarrabawar. Ba zan faɗi makin ba don ban tabbata ba, amma ya isa. Yau lauya ce, kuma na ji an ce tana tsayawa gaban alƙalai masu furfura ta faɗi abin da ta zo faɗa, cikin ladabi, ba tare da ta rage komai ba. Tsohon bai ga gama karatunta ba, Allah ya ji ƙansa. Lesin ɗin ma ya daɗe da watsewa, abokina ya koma Vom yana kiwon shanun madara.

Na yi ta neman hanyar cire mata tsoro a cikin littattafan da na karanta, ashe fahimta ba ta rasa ba, izini take jira, kuma ba ni ne mai ba da shi ba. Har yau in ruwa ya bugi kwano da ƙarfi, ɗakin nan nake tunawa, da ƙamshin masara da ake gasawa a ƙasa.

Idan cikin masu karanta wannan akwai wanda ya zauna a ɗakin, ya taimaka ya gyara mini inda na kauce. Abokina ya dage cewa littafin ba ranar kasuwa ya ce ba, kuma wataƙila shi ne da gaskiya. Ita ma mai labarin, in ta gani, ta faɗa mini ko keken yana nan a zaure, da wanda yake goge shi yanzu. Amma cewa tsohon nan ya ɗauki shugaba guda ya ba jikarsa kyauta, wannan kam a gabana aka yi.