Ma'azu, Na Janye Maganar Sifika

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran abokina kuma maƙwabcina a fadamar Kaoje, Malam Ma'azu Ibrahim Khalil, bayan jinyar kwana tara.

Ma'azu, shekara talatin gonata na jingine da taka, ban taɓa ganin ka matsa iyaka ko da taki ɗaya ba. Shekarar da ambaliya ta cinye mini shinkafa, da amalankenka ka aiko mini da iri tun ban buɗe baki ba. Abu ɗaya na riƙe ka da shi, ban kuwa raga maka ba: kayan sauti.

Sau uku kana canza su. Ka bar rakoda ka sayi ƙaramar sifika. Ba a jima ba ka ce ba ta da nauyin murya, ka kawo amfilifaya da batirin sola. Kakar bara, da kowa ke sayen injin ban ruwa domin noman rani, kai ka dawo daga Birnin Kebbi da sifika mai tsayin turmi. Na ce maka tsufa ya zo da gardama, mutum da furfura zai buɗe gidan biki.

Ka yi dariya ka ce, "Lawal, shinkafa ko ba inji ta yi. Taho ka gani."

Ka kai ni tsakar gidanka. Matarka Atika 'yar tsallaken iyaka ce, daga ƙasar Benin. A da mahaifiyarta kan ɗauki gaisuwa a kaset ta aiko ta hannun fatake, kuma kaset ɗaya ya rage bayan rasuwarta. Ashe kunnen Atika ne ke mutuwa a hankali, kai kuma kana bin sa da sifika, duk sanda ya ja baya ka ƙara. Ka kunna. Ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin, muryar tsohuwa tana sa mata albarka da yarensu na Dendanci, ita tana amsawa da amin. Kunya ta kama ni, amma girman kai ya hana ni ce maka ka yi daidai.

Ranar sadakar uku na yi wa Atika gaisuwa sau biyu ba ta ji ba. Ɗanka Bunyaminu ya ɗauki maganata a waya, ya sa a sifikar nan da na yi shekara ina zagi. Da ita gaisuwata ta isa. Atika ta amsa, sannan ta ce, "Duk wahalar da ya sha, bai aje mani tashi muryar a kaset ba."

Haka kake, Ma'azu, ba ka tuna kanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Atika, Bunyaminu, 'yarka Fauziyya da mu duka haƙurin rashinka. Maganar sifika kuwa na janye ta, ka yafe mini.