Daddawar da Ta Raka Ni Umra

Ko da tsufa zai cinye mini tunani har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ƙullin daddawar da na yi yawo da shi a garin Makka. Mutane kan je Umra su dawo da labarin Ka'aba da Zamzam. Ni ma na gani na sha, alhamdu lillahi, amma duk sanda aka ce in ba da labarin tafiyar, daddawar nan ce take riga komai zuwa bakina.

Sai kun san ko ni wace ce kafin ku gane girman jarrabawar. Sana'ata haɗa humra da turaren wuta, kuma a unguwarmu in na bi ta lungu, ko ba a gan ni ba an san na wuce. Daddawa kuwa ko a miyar gidana ba ta shiga, ni da ita sai dai kallo daga nesa.

Ana gobe za mu tashi sai ga Iya ta dogaro sandarta. Iya tsohuwar maƙwabciyarmu ce, a bayanta na girma don ita ta goya ni. Ta dire wani ƙulli a gabana ta ce daddawa ce ta yi da hannunta, in kai wa yayarta da ke zaune a Makka tun kafin a haife ni. Da suna gaisawa ta waya, sai lambar ta daina shiga, shekaru suka yi ta wucewa ba labari. Na tambaye ta kwatance, ta ce a unguwar Nakkasa take, gidan yana kan tudu kusa da masallaci, matar kuma doguwa ce mai wushirya. Kusa da masallaci fa, a Makka. Sunan da ta ba ni ma irin wanda in ka kira a kasuwa rabin mata za su waiwayo ne.

Har na buɗe baki zan kawo uzuri sai ta kama hannuna ta ce, “In kin same ta ki ba ta, za ta gane hannuna. In kuma ta riga mu, ki dawo ki faɗa mini gaskiya in daina jira.” To, me zan ce? Na ƙara wa ƙullin leda kan leda, na tura shi can ƙasan akwati.

Ban san abin da na ɗauko ba sai da muka sauka a masaukinmu na Aziziyya na zuge akwatin don in canza kaya. Wallahi sai da na ja da baya. Zafin hanya ya dafa ta, ta ratsa ledojin, ta kama duk wani hijabi da na mallaka. Ga kwalaben humrata a jakar hannu suna kallona, amma ina cikin harama, turare ya haramta gare ni sai na gama Umra. Kayan jikina kuma sun sha gumi ba sa sake sawuwa. Haka mai sayar da humra ta nufi Harami tana tashin warin daddawa.

Sai dai kowane abu da amfaninsa. Ana ta ba ni labarin turmutsitsin ɗawafi, ni kam ban gan shi ba. Duk inda na dosa sai a buɗa mini hanya. Wasu 'yan matan Indunusiya da ke gabana, ƙanana masu ladabi, sai gyara takunkumin hanci suke suna ƙara sauri. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma dai na gama ɗawafina ba wanda ya taka ni.

A ɗaki kuwa ba a yi mini wannan karar ba. Mu huɗu ne, kuma tun ban amsa laifi ba abokan kwanana suka kira ma'aikacin otal, wani bawan Allah ɗan Bangaladash, wai ɓera ya mutu. Ya leƙa ƙarƙashin gadaje, ya kwance murfin na'urar sanyaya ɗaki, ya shiga banɗaki ya fito, ni ina zaune ina jan carbi kamar ban san zancen ba. Da hancinsa ya kai shi kan akwatina dole na yi magana. Babbarmu a ɗakin, wata Hajiya da ba ta tauna magana, ta yanke hukunci cewa daddawa ta kwana a saman bene wurin shanya, kuma ba ta yarda ta wuni a ginin ba in ba na nan, kada a ce 'yan ɗakinmu ne suka ƙazantar da otal.

Shi ya sa ranar da aka kai mu ziyara na shiga mota da ita a jaka. Babbar mota ce mai sanyi, tagogi a rufe ruf, an haɗa mu da wasu 'yan Pakistan. Jagora yana nuna mana Dutsen Saur da tantunan Mina farare fat har iyakar gani, mutane kuwa rabin hankalinsu na kan neman inda abin yake fitowa. Wani dattijo ya duba ƙasan takalminsa, ya duba na maƙwabcinsa, har suka ɗan yi cacar baki da yarensu.

Da muka isa Arafa kowa ya nufi Dutsen Rahama, ana hawa ana hotuna, masu sayar da carbi da dabino suna ta kira. Ni kuwa idona ya faɗa kan wata ƙatuwar durom ta shara. Raina ya gama ɓaci, na gaji. Na ce a zuciyata wa zai sani? Sai in koma in ce na nema ban samu ba. Har na ɗaga murfin, sai na tuna Iya tana cewa in faɗa mata gaskiya ta daina jira. Na ce kai, a filin da mutane ke zuwa sauke zunubi, nan ni zan zo in ɗauki sabo? Na mayar da kayata jaka na koma mota ina ƙunƙuni.

A gindin Dutsen Nur na ƙi sauka, don ƙafata ba ta hawa ba ce. Sai direban ya taso daga mazauninsa, baƙin mutum cikin farar jallabiya, wanda tun safe ban ji ya yi wani yare ba sai Larabci. Yana tafe yana shinshina kujera bayan kujera, har ya tsaya a kaina. Na riga na saddaƙar sauke ni zai yi. Sai na ji ya ce, “Ya Hajiya, daddawa ce?” Ashe Bahaushe ne haifaffen Makka, kakanninsa daga Sakkwato suka zo. Ya ce rabonsa da jin wannan ƙamshi tun rasuwar mahaifiyarsa. Ƙamshi fa ya ce. Da na ba shi labari ya girgiza kai ya ce Nakkasa kam khalas, an rushe galibinta mutane sun watse, amma in tafi unguwar Mansur wurin masu tuwo, su suka san inda kowa ya koma.

Washegari da la'asar na shiga Mansur, na rantse sai ka ce an ɗauko wata unguwar Kano an dasa. Ga masa, ga fura, ga tsire, ana ciniki da Hausa ana ba da canji da Larabci. A nan ne daddawata ta samu daraja, duk wadda na tsaya gabanta sai ta ce in sayar mata. Amma kwatancena ba wanda ya gane shi. Wata mai tuwo mai faɗin baki ta tambaye ni shekarun matar, da na ƙiyasta mata sai ta tuntsire da dariya ta ce, “Wushirya? Hajiya, mai waɗannan shekaru ai duk bakin wushirya ne.”

Ta ce dai in kwance ta ga kayan, ko ido ya ci. Tana ɗaga guda ɗaya sai dariyar ta tsaya. Kowane dunƙule akwai shaidar yatsu uku a tsakiyarsa, ni ban ma taɓa lura ba. Ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta ce ta zo ta ga ikon Allah, ashe tsohuwar nan mai mita gaskiya take faɗa. Wai akwai wata tsohuwa da ta addabe su, duk daddawar da aka kai mata sai ta ce ba daddawa ba ce, ta gidansu mai yatsu uku ce irin ta mahaifiyarsu. Sun ji labarin nan har ya gundure su.

Mai tuwon ta bar tukunyarta ta ja ni ta wani lungu, muka hau matsattsen bene. Na tarar da 'yar tsohuwa a kan katifa, ta ranƙwafe, idon ya tafi. Babu tsawo, babu haƙori ko ɗaya. Na gaishe ta na sa mata dunƙule guda a hannu. Ta shinshina, ta lalubi tsakiyarsa, ta jera yatsunta uku a cikin ramukan. Ta daɗe a haka hawaye na bin fuskarta, sannan ta ce, “Ashe tana nan.” Ni da mai tuwo duk muka kama kuka. Ashe ita ma tsohuwar ta ɗauka Iya ta mutu, wayar da ke da lambar ta ɓace ne a hargitsin tashinsu daga Nakkasa.

Muna cikin share hawaye sai tsohuwar ta matsa daddawar da babban yatsa, ta taɓe baki ta ce, “Ba ta bari ta bushe ba. Tun muna yara haka take da gajen haƙuri.” Nan na gane dalilin duk wahalar da na sha.

Na kira gida aka kai wa Iya wayar. Ina tsammanin za a fara da salati da koke-koke, ina! Maganar farko da yaya ta yi wa ƙanwarta bayan shekarun nan ita ce wa ya koya mata ƙulle daddawa da danshi. Ina jiyo Iya daga can tana rantsuwa wai saurin tafiyata ne ya sa, wato laifin ma nawa ne. Sai da suka yi faɗansu ya ishe su sannan murya ta karye musu, muka fita muka ba su wuri. Ba a bar ni na tafi ba sai da aka kaɗa miyar kuka da daddawar, kuma kada ku gaya wa 'yan unguwarmu, malmala biyu na tashi da ita.

Iya ba ta ga daminar da ta biyo baya ba, Allah Ya jiƙanta. Amma watannin da suka rage mata, duk Juma'a sai sun yi waya da yayarta sun yi faɗansu. Har yau in na tuna saura ƙiris in saki ƙullin nan a durom ɗin Arafa sai gabana ya faɗi, don da na sake shi da kowace cikinsu ta mutu tana zaton 'yar'uwarta ta riga ta. Tun daga nan ban ƙara raina saƙon da aka ba ni amana ba, komai ƙanƙantarsa komai warinsa, domin ɗan aike bai san nauyin abin da ya ɗauko ba sai ya ga fuskar mai shi.