Ƙamshin Gahawar Baba

Ina buɗe robar, Inna ta ajiye tsintsiya.

Garin gahawa ne na kwaɓa da zuma, na kawo mata tun daga Birnin Kudu har Basirka. Shi nake dirzawa a fuska, ya bar min fata sumul. Tunda Baba ya rasu fatar Inna ta bushe, shi ya sa na ce ta gwada.

"Kin manta takaba nake yi, Hauwa? Mai takaba ba ta gyaran jiki."

Wallahi na manta. Kunya ta kama ni, zan rufe sai ta riƙe hannuna.

"Bar ta a buɗe. Tun ina amarya nake dafa wa Malam gahawa bayan asuba, kada barci ya ɗauke shi gaban ɗalibai. Tun ranar da aka fita da shi ɗakin nan bai sake wannan ƙamshin ba."

Ba ta shafa ba. Ta ɗora robar kan buzun Baba, muka zauna muna shaƙar ƙamshin.

Allah Ya jiƙan iyayenmu. Ku wane ƙamshi ne yake tuna muku wanda kuka rasa?