Ƙeyar Mai Aski

Duk wanda ya san Mai Aski ya san shi da abu biyu: hannu mai laushi da karkatacciyar ƙeya. Mutum ne da zai gyara maka kai har ka ji ƙyashin sa hula, amma da ya juya zai ɗauko hoda, sai ka ga layin ƙeyarsa ya tafi kamar ɗinkin ɗan koyo. Kwastomomi sun yi masa tsiya har sun gaji. Shi dai murmushi yake yi, ya ce, "Mai gyara ta ya yi tafiya."

Mai gyarawar ƙaninsa ne, Bahago. Tare suka buɗe shagon suna samari, a wani ɗaki tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera biyu, madubi biyu. Da farko gwiwar hannunsu ta yi ta karo, don ɗaya da dama yake aski, ɗaya da hagu, har suka gano dabara: Bahago ya koma wajen taga, yayan ya tsaya wajen ƙofa. Suka je ofis suka yi wa sana'ar rajista da sunayensu biyu, suka dawo suna taƙama kamar sun sayi layin gaba ɗaya. Duk ƙarshen mako kuwa, in sun sallami kwastoma na ƙarshe, sai su yi wa juna aski. Mai aski yana iya gyara gaban kansa a madubi, amma ƙeya sai da hannun wani.

Daga baya Bahago ya sami aiki a ƙetare. "Shekara biyu, Yaya," in ji shi. "In haɗo mana sababbin injina in dawo." Lokacin 'yar Mai Aski tana goye a baya. Yanzu ita ce da goyo.

Kujerar taga ba ta taɓa sanin mai ita ya daɗe ba. Kullum da safe ita ake fara gogewa, a gyara mata tawul, a jera mataji da almakashin hagu a gabanta. Ko layi ya kai bakin titi ba mai zama a kanta. Matar Mai Aski ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Maigida, ka ɗauki wani ya riƙe kujerar nan mana. Ko kujerar ma ta gaji da zaman kawai."

"Tana da mai ita."

Ƙeyar ma haka. A tsallaken titi akwai wani mai aski da suke gaisawa da mutunci, ya sha yi masa tayin gyara ta. Mai Aski ya gwammace ya riƙe ƙaramin madubi a hannu ɗaya, inji a ɗaya, ya murɗe wuya ya yi abin da ya sawwaƙa. Taurin kai ne, babu shakka, amma ba duka ba. Kewar ɗan'uwansa ce ke cin sa, kuma shi ba mutum ba ne da ya iya faɗin irin wannan da baki.

Ana nan sai mai ginin ya rasu, magada suka sayar. Sabon mai ginin bai san zumunci ba, takarda ya sani. Ya aiko cewa kowane shago ya sa hannu a sabuwar yarjejeniyar haya kafin ƙarshen wata, wanda bai sa ba ya kwashe kayansa.

Mai Aski ya ajiye takardar sai da wani kwastomansa, Lauya, ya zo aski. Wannan Lauyan tun ana ɗora shi a kan katako don ya kai madubi yake zuwa shagon, saboda haka ba ya ɓoye masa gaskiya. Ya karanta, mayafi na ɗaure a wuyansa, ya ɗago.

"Kawu, da sunan wa aka yi rajistar shagon nan?"

"Ni da Bahago."

"To, nan gizo ke... nan matsalar take. Haɗin gwiwa ne. Mutumin nan ya rubuta cewa duk mai suna a rajista sai ya zo da kansa ya sa hannu. Ko dai Kawu Bahago ya zo kafin wata ya ƙare, ko ya sa hannu daga can cewa ya fita, a mayar da komai sunanka kai kaɗai."

"Ya fita ya je ina? Shagonsa ne."

"A takarda kawai, Kawu."

"Ai a takardar kawai ya rage," in ji Mai Aski. Ya kunna inji don kada a ƙara magana.

Kwanaki suka yi ta tafiya bai kira Bahago ba. A ransa kuwa wani tunani ya tsiro, har yana jin kunyar kansa: wataƙila wannan ne dalilin da Bahago yake jira. Mutum ba ya tasowa daga nesa haka kawai, amma in an ce shagonsa zai salwanta, ai ya zo. Har ya sa aka wasa almakashin hagu.

Da wa'adi ya matso, 'yarsa ta zo shagon da rana ta kira masa Bahago a waya, ta bidiyo. Sai ga shi, ya yi ƙiba, furfura ta fito, kansa an gyara shi tsaf. Abin da Mai Aski ya fara gani ke nan: askin wani. Suka gaisa, aka tambayi iyali. Sannan Mai Aski ya yi bayani a hankali, ya fara da hanyar farko, ya ja ta sosai, ya ambaci ta biyu a gurguje.

Bahago ya yi dariya. "Haba Yaya! Sunana yana nan har yanzu? Wallahi na ɗauka ka cire tun tuni. A turo takardar, yau ɗin nan zan sa hannu. Kada ka rasa shago saboda ni."

Babu mugunta a muryarsa ko kaɗan, abin da ya fi ciwo ke nan. Alheri yake yi.

"To," in ji Mai Aski.

"Juya in ga ƙeyarka." Ya juya. Bahago ya ƙyalƙyale da dariya har wayar na rawa. "Subhanallahi! Yaya, wa ya yi maka wannan aika-aika? Duk garin babu mai aski ne?"

"Akwai."

Takarda ta je ta dawo. Lauya ya raka shi ofis, aka buga hatimi, aka sa hannu a yarjejeniyar haya. Shago ya tsira. Maƙwabta suka yi masa barka, ya amsa da fara'a daidai gwargwado.

Ranar ƙarshen mako ya sallami kwastoma na ƙarshe da wuri. Ya ɗauki ƙaramin madubin, ya jujjuya shi, ya mayar cikin aljihun tebur. Ya rufe shago ya tsallaka titi.

Mai askin tsallake ya miƙe da mamaki. "A'a, Oga da kansa? Lafiya?"

"Lafiya lau. Ƙeya kawai."

Ya zauna, aka ɗaura masa mayafi, ya sunkuyar da kai ya rufe ido. Ba tare da ya sani ba ya karkata wuyansa yadda ya saba tun yana saurayi, yana jiran inji ta hagu.

Ta dama ya zo.