Ranar da Duba-gari Ya Tambayi 'Yata

Da ana mayar da hannun agogo baya, da marin da na yi wa 'yata ta fari zan fara janyewa. Yau na tsufa, idona ba ya ganin kafar allura, amma wannan rana ina ganinta sarai.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ɗinki a unguwar Yara a nan Keffi. Karatuna bai wuce elemantare ba, amma na sa yarinyar a makarantar boko. A can ake koya musu tsabta da haƙƙin maƙwabci, ta dawo gida tana maimaita mana, uwarta tana dariya tana kiranta malamar asibiti.

Rariyar gidana kuwa na karkatar da ita ta bayan katanga, ruwan wanka da na wanke-wanke yana gangarawa ya kwanta dab da rijiyar unguwa. Na san ba daidai ba ne, haƙa rami ne nake ƙyuya. Idan duba-gari ya shigo unguwa, mata kan ba juna labari ta kan katanga, ni kuma sai in toshe rariyar da tsumma, in watsa yashi a kan dagwalon.

Ran nan ya zo da farar hularsa da ludayinsa. Ya leƙa randa, ya duba masai, bai ga komai ba. Har ya juya, sai ya ga yarinyar da kayan makaranta.

Ya ce, "'Yan mata, ruwan wankanku ina yake zuwa?"

Ta ce, "Bakin rijiya yake zuwa. Yau ne Baba ya toshe."

Mutumin ya dube ni yana murmushi. "Malam tela, ashe ba riga kaɗai kake yi wa faci ba."

Bai kai ni gaban alƙali ba. Cewa ya yi in haƙa rami kafin ya sake zagayowa. Amma maƙwabta sun ji, har wani ya ce, "Ka haifo mana duba-gari a cikin gida." Duba-garin yana fita na mare ta. Na ce mata, wa ya aike ta, tun yaushe 'ya take tona asirin ubanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, malam ya ce rijiya ta kowa ce." Na ce malam ne yake ciyar da ita?

Ramin na haƙa shi a yini guda, abin da na daɗe ina gudu. Yarinyar kuwa ta daina kawo mana zancen makaranta. Ni a lokacin har daɗi na ji, na ce ta yi hankali.

Bayan yaƙin basasa, da kuɗin mai ya shigo, aka kafa famfo a kan hanyar Gangaren Tudu. Ta riga ta yi aure. Wata rana muna tafe tare za mu gaida mara lafiya, muka tarar an bar famfon a buɗe, ruwa yana malala cikin ƙasa. Ta ɗaga zanenta ta tsallake.

Na ce, "Ba kya rufewa?"

Ta ce, "Baba, ba ni na buɗe ba."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, har da ladabi. Ni na koma na murɗa kan famfon.

Na nemi gafararta daga baya, ta ce ta yafe, in daina tayar da abin da ya wuce. Na yarda ta yafe. Sai dai har yau in ana maganar gyaran unguwa, ban taɓa jin ta sa baki ba.

Ku masu 'ya'ya, ina roƙonku, idan yaro ya faɗi gaskiya don amfanin jama'a, ko da ku ta taɓa, ku haɗiye kunyarku, kada ku ɗaga masa hannu kamar yadda na yi.