Ƙugin Jitar Mai Rediyo

Shagona na ɗinki jikin na Mai Rediyo yake, bango ɗaya ya raba mu, kuma tun ina da baƙin gashi nake shaƙar hayaƙin dalmar da yake liƙa wayoyi da ita. Gajeren mutum ne marar yawan magana, mai taurin kai irin na shiru. Dokarsa ɗaya a sana'a: ba ya ɗaure murfin bayan rediyo muddin da sauran wani ɗan ƙara da bai kwanta masa ba. Mai kaya zai ce shi dai ya ji tana magana, a ba shi abinsa, sai ya girgiza kai ya ce a dawo jibi. Kuma ba ya yar da komai. Doguwar fitilar lantarkin da ke saman teburinsa ta girmi wasu 'ya'yansa. Duk sanda ta fara ƙyaf-ƙyaf sai ya taka kujera ya lallaɓa ta, ta ci gaba da ci.

Amininsa ɗaya a duniya shi ne Dogo, tsohon direban bas. Suna samari Dogo ke waƙa, shi kuma yana kaɗa masa wata jita ta aro, har suka yi alkawarin sai duniya ta ji su. Aure ya zo, yara suka zo, mai jita ya karɓi abarsa. Dogo ya ƙare yana rera wa sitiyari, Mai Rediyo kuma ya ƙare yana gyara akwatunan da wasu ke waƙa a ciki. Amma kowace yamma Dogo na kan bencin ƙofar shagon yana tsokanarsa: "Gajere, yaushe za mu fara ne? Muryata fa ba ta da garanti."

Babbar 'yar Mai Rediyo ta gaji da jin wannan magana, sai ta aiko masa da kwali. Jitar lantarki ce wadda mutum ke haɗawa da kansa: gangar jiki daban, wuya daban, tsirkiyoyi a naɗe, da 'yar leda cike da wayoyi. A wannan lokacin, ciwon ƙirji ya riga ya kwantar da Dogo, benci ya koma wayam.

Ban taɓa ganin Mai Rediyo da fara'a irin ta ranar ba. Ya kira ni ya nuna mini wasu ƙananan maganaɗisu uku da aka naɗe da siririyar waya kamar zaren kekena. Ya ce su ne kunnuwan jita, su ke jin rawar tsirkiya su miƙa wa lasifika. Aikin katako bai ɗauke shi lokaci ba. Ya zauna ƙarƙashin fitilarsa ya liƙa wayoyin kunnuwan a jikin maɓallai, ya ja baƙar waya zuwa ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi, kowane ɗigon dalma yana sheƙi. Amfilifaya ma, akwatin ƙara sautin, da kansa ya haɗa ta daga cikin wata tsohuwar rediyo, 'yar ƙarama da za ka iya saɓawa a hammata.

Ya jona, ya kaɗa. Wallahi sautin ya yi daɗi, har na tsayar da kekena. Amma da ya ɗaga hannu sai ga wani ƙugi a ƙasa-ƙasa, zuuu, kamar na tsohon firji. Fuskarsa ta canja. Ya jawo sukuddireba.

Daga nan aka shiga. Ya narke duk liƙin ya sake. Ya canja wayoyi, ya juya na kunnuwan, ya gwada da mitar auna wuta, ya shimfiɗe cikin ramin wayoyin jitar da takardar alminiyam. Ƙugin ya ragu, bai tafi ba. Masu rediyo suna zuwa suna komawa, shi yana sunkuye a kan jita da murfinta a buɗe.

Ranar da muka je duba Dogo, mun same shi ya rame, amma bakin na nan. Ya ce, "Ina amaryar taka?"

Mai Rediyo ya ce, "Tana ƙugi. Ka ba ni kwana biyu."

"Kai Gajere, ka ji tsoron Allah. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan injin bas, ƙugi ne zai dame ni? Kawo ta haka nan."

"Ba zan kawo maka abu yana kuka ba. Mun jira shekaru, a yi shi da kyau."

Dogo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To ka yi sauri. Na fara manta baiti na biyu."

A hanya na yi masa magana, har da faɗa. Na ce, "Yaya, mutumin nan ba sautin jita yake nema ba, kai yake nema." Ya ce ya sani, saura waya ɗaya da yake zargi. Haushinsa ya kama ni sosai a ranar, kuma har yanzu in na tuna sai ya taso. Ba mugunta ba ce. Duk rayuwarsa in abu ya yi ƙara, laifin na cikin akwati, kuma bai taɓa miƙa wa kowa aikin da bai gama ba, balle Dogo.

Wayar ba ita ba ce, wadda ta biyo ta ma ba ita ba ce. Dogo ya rasu murfin jitar na kan tebur. Da muka dawo daga jana'iza, Mai Rediyo ya rataye ta a ƙusa, bai ƙara kallonta ba.

Bayan wasu makonni fitilar nan tasa ta mutu murus. Ya taka kujera, ya murɗa, ya buga, ta ƙi. Sai ya wangale ƙofa don hasken safiya ya shigo. Ban san me ya kai hannunsa ga jitar ba. Na dai ji ya ƙwanƙwasa bango yana cewa, "Tela, zo ka ji."

Na shiga. Jitar na jone, amfilifaya a kunne, ya ƙure murya. Na kasa kunne na ce, "Ni ban ji komai ba."

Ya ce, "To shi ne." Ya nuna matacciyar fitilar da haɓa. "Ita ce mai jawo ƙugin, wutarta kunnuwan jitar ke ji. Tun ranar farko na haɗa ta daidai. Da ƙofar shago kawai na fita da ita, Tela. Ƙofar shago kawai."

Ya ɗauki murfin ya ɗaure shi a hankali, sukuru bayan sukuru.

Yanzu kusan kowace yamma nakan ji shi ta bango yana kaɗa waƙarsu ta samartaka, sautin tas, babu ƙugi ko kaɗan. In ya zo inda murya za ta shigo sai ya ɗan dakata, ya jira, sannan ya ci gaba shi kaɗai.